Littafin Tsarin Aiki da Ranar Kasala



Na san akwai waɗanda suka ga kan wannan lacca a allon sanarwa suka ce a ransu, me ya haɗa malamin Hausa da maganar tsara ayyuka, bai tsaya ga nahawunsa da waƙoƙinsa ba? Dalili kuwa shi ne, kowace shekara mu malamai mukan ga ɗalibai masu kaifin basira, waɗanda ba wanda ke shakkar iyawarsu, sun kasa gama kundin digirinsu a kan lokaci. Wani ya ƙara shekara, wani ya ƙara biyu, wani ma ya tafi ke nan. In ka bincika sai ka tarar kusan kowannensu ya taɓa sayen littafi ya tsara yadda zai yi aikin, ya bi tsarin na 'yan makonni, sa'an nan ya ajiye. To, wannan ajiyewa ita nake so mu duba yau.

Abin da nake nufi da littafin tsarin aiki shi ne littafin nan na takarda da wasu ke kira dayari, wanda aka raba shafunansa bisa kwanaki ko makonni, mutum ya riƙa rubuta abin da ya yi niyyar yi. Bankuna da kamfanoni sukan buga shi su raba wa abokan hulɗarsu a ƙarshen shekara. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon irinsa ya san yadda labarin yake. Watan Janairu cike maƙil, ga jan biro ga shuɗi, har da layin da aka ja da rula. Fabrairu ta soma ramewa. Kafin Maris ya ƙare sai fararen shafuna, sai fa can wajen Agusta a ci karo da lissafin kuɗin siminti ko lambar wayar wani makanike.

Bari mu fara da kalmomi, tun da su ne sana'ata. Hausa ta bambanta abubuwan da mukan cakuɗa in muna wannan magana. Akwai ɗoki, watau abin da ke hana yaro barci daren Salla saboda sabuwar riga. Ɗoki ba ya daɗewa, kuma ba a yi shi don ya daɗe ba. Akwai himma, wadda muka aro daga Larabci, ita ce tashi tsaye a kan abu da zuciya ɗaya. Akwai kuma naci, watau komawa kan abu sau da yawa ko ana jin daɗinsa ko ba a ji. A ɗaya gefen kuma akwai lalaci da ragwanci, waɗanda hali ne da ya zauna wa mutum. Akwai ƙyuya, ita ce ƙin yin abin da aka san ana iyawa. Sa'an nan akwai kasala, ita ma daga Larabci, wadda mutuwar jiki ce mai zuwa ta wuce, kamar zazzaɓin damina. Mai ƙwazo ma yakan yi kasala. Matsalar littafin tsari ita ce, ranar ɗoki ake sayensa, ranar ɗoki ake tsara shi, amma yawancin kwanakin da za a yi amfani da shi kwanaki ne na yau da kullum, wasu ma na kasala. Mutumin da ya ja layukan a ranar ɗaya ga Janairu ya yi ɗinkin ne daidai jikinsa na wannan rana, ya manta cewa wanda zai sa rigar ranar wata Talata cikin zafin Afrilu, ba wuta, ba barcin kirki, jikinsa dabam ne.

Shi kansa littafin mai kwanan wata a kowane shafi ba wani tsohon abu ba ne sosai. Wani mai sayar da kayan rubutu a Landan, John Letts, shi aka fi dangantawa da fara buga shi don sayarwa a 1812, kuma 'yan kasuwa ya yi wa. Wannan bugu ya kawo sauƙi, amma ya zo da wani abu da littafin rubutu na yau da kullum ba shi da shi, watau shafin da ke jiran mutum da sunan ranarsa a kai. In ba ka rubuta kome ba, shafin yana nan fari fat, yana ba da shaida. Zan komo kan wannan.

Mutumin da ya fi kowa bar mana cikakken bayani a kan yadda ya yi fama da irin wannan littafi shi ne Benjamin Franklin na Amurka, wanda aka haifa a 1706 ya rasu a 1790. Ko wanda bai san sunansa ba ya san fuskarsa in ya taɓa ratsawa ta wajen 'yan canji a Wapa, don hotonsa ne a jikin takardar dala ɗari. Tun yana saurayi mai sana'ar ɗab'i a birnin Filadalfiya ya ƙudura niyyar gyara halinsa baki ɗaya. Ya zaɓi halaye goma sha biyu, daga ciki akwai tsakaitawa wajen ci da sha, da kame baki, da tsari, da cika niyya, da tattali, da ƙwazo, da tsabta, da natsuwa. Da wani abokinsa ya gaya masa cewa mutane na ganinsa da girman kai, sai ya ƙara tawali'u, suka zama goma sha uku. Ya sami ɗan littafi ya ja wa kowane shafi layuka da jan tawada, gida bakwai a tsaye don kwanakin mako, gida goma sha uku a kwance don halayen. Kowane dare sai ya binciki yininsa, duk inda ya ga ya yi kuskure ya ɗiga baƙin ɗigo a gidan da ya dace.

Abin lura a nan shi ne bai kama halayen duka a lokaci guda ba, ya san taura biyu ba ta taunuwa, balle goma sha uku. Kowane mako hali ɗaya yake sa wa ido, sauran ya bar su yadda suka zo, sai dai ya rubuta. Ta haka cikin mako goma sha uku yakan zagaya su duka, a shekara kuma sau huɗu. Har wa yau, a cikin littafin ya tsara sa'o'in yininsa: tashi da ƙarfe biyar, aiki daga takwas zuwa sha biyu, karatu da cin abinci, komawa aiki daga biyu zuwa shida, da yamma kuma mayar da kaya wurarensu da hira da binciken yini, barci da ƙarfe goma.

To, yaya aka ƙare? Shi da kansa ya ba da labari a tarihin rayuwarsa, a sashen da ya rubuta a Faransa a 1784, yana da shekara 78. Da farko dai ya yi mamakin yawan laifuffukansa. Saboda yawan kankare tsofaffin ɗige-ɗige don a sami wurin sababbi, takardar ta huhhuje, sai ya mayar da jadawalin kan wasu 'yan alluna na hauren giwa, yana rubutu da fensir yana gogewa da jiƙaƙƙen soso. Bayan wani lokaci ya koma zagaye ɗaya a shekara maimakon huɗu, daga baya ɗaya cikin shekaru da dama, daga ƙarshe tafiye-tafiye da hidimar ƙasa suka sa ya bari gaba ɗaya. Amma fa ya ce ɗan littafin bai taɓa rabuwa da shi ba, duk inda ya je yana tare da shi. Halin da ya fi ba shi wuya kuwa shi ne tsari, watau ainihin abin da muke magana a kai. Ya ce mai aiki a ƙarƙashin wani, wanda lokacinsa ke yanke, zai iya bin jadawali, amma maigida wanda dole ya karɓi abokan ciniki a lokacin da suka ga dama ba zai iya ba. Ya amsa cewa har ya tsufa bai gyaru ba ta wannan fuska. Duk da haka hukuncin da ya yanke shi ne ƙoƙarin ya sa ya fi yadda da zai kasance in bai yi ba, kamar mai koyon rubutu da ke kwaikwayon hannun gwani, ko bai kai gwanin ba hannunsa yakan gyaru.

Na daɗe a kan Franklin saboda mutane sukan kawo shi misalin wanda ya riƙe tsari ba fashi, alhali abin da ya faɗa da bakinsa ya saɓa wa haka. Littafin ya yi masa amfani ne tare da fashin. Kuma kukan da ya yi game da baƙi kukanmu ne. A wurinmu lokacin mutum ba nasa ba ne shi kaɗai. Ana rasuwa, ana suna, ana ɗaurin aure, ɗan'uwa yakan taso daga ƙauye ba sanarwa, kuma ba mai hankalin da zai ce wa kawunsa ya koma sai Alhamis don littafi bai san da zuwansa ba. Tsarin da bai bar wa zumunci wuri ba, a ƙasar nan, ya karye tun kafin tawadarsa ta bushe. Ni dai shawarar da nake ba ɗalibaina ita ce su bar aƙalla sulusin kowane mako ba a rubuta masa kome ba. Ba za a rasa abin da zai cinye shi ba.

Wannan ya kawo mu ga dalili na farko da ke sa a ajiye littafi, watau cika shi fiye da kima. Ɗan Adam gwani ne wajen raina tsawon aikin da ke gabansa. A 1994 wasu masana halayyar ɗan Adam a Kanada, Roger Buehler da abokan aikinsa, sun tambayi ɗalibai 'yan ajin ƙarshe kwana nawa suke ganin zai ɗauke su su miƙa kundinsu. Matsakaicin abin da suka ce shi ne wajen kwana 34. Aka ce to, in kome ya lalace fa? Suka ce wajen kwana 49. Abin da ya faru a zahiri ya kai wajen kwana 55, watau ko mummunan zaton da suka yi bai kai gaskiya muni ba. Saboda haka wanda ya jera ayyuka goma a shafin Litinin ya yi huɗu, ba lalle ne rago ba ne. Mai yiwuwa huɗun su ne abin da Litinin ke iya ɗauka tun asali. Amma abin da idonsa zai gani da dare shi ne shida da ba a yi ba, gobe kuma su hau kan na Talata, kafin Juma'a littafin ya zama kamar mai bin bashi, wanda in ka hango shi sai ka sake hanya.

Akwai wani bincike da ya fi wannan ba da mamaki. A 1981 Daniel Kirschenbaum da abokansa a Amurka sun raba ɗaliban da ke neman gyara karatunsu, wasu aka sa su tsara abin da za su karanta kowace rana dalla-dalla, wasu kuma aka ce su tsara na wata guda a dunƙule. Abin da aka zata shi ne masu tsarin kullum za su fi. Sai ga shi masu tsarin wata sun fi su gyaruwa wajen yadda suke karatu. Bayanin da ya fi shiga hankali shi ne, tsarin kullum yana cin lokaci wajen rubutawa, ba ya lanƙwasuwa in wani abu ya taso, kuma kowace rana yana ba mutum sabuwar damar ganin ya gaza.

Marubucin nan na Ingila, Anthony Trollope, wanda ya rubuta littattafan ƙagaggun labarai 47, da yawansu yana ma'aikacin gidan waya, ya gane wannan tun kafin masu bincike. In zai fara sabon littafi sai ya yi dayari ya raba shi mako-mako, ya yanka wa kansa adadin shafunan da zai rubuta a kowane mako, kowace rana kuma ya shigar da abin da ya rubuta. Shafi ɗaya a lissafinsa kalma 250 ne. Yawanci yakan ɗora wa kansa wajen shafi 40 a mako, amma akwai lokacin da ya sauko har 20, akwai kuma lokacin da ya kai 112. Ku lura da abu biyu. Ma'auninsa mako ne, saboda haka in Talata ta ɓaci Laraba da Alhamis za su iya rama mata. Sa'an nan adadin yana hawa yana sauka gwargwadon halin da yake ciki. Ba zan ɓoye muku ba, mutumin yana da wani gata da yawancinmu ba mu da shi: akwai wani tsohon baransa da yake ƙara wa fam biyar a shekara don kawai ya tashe shi da asuba ya kawo masa kofi, ya zauna teburinsa da ƙarfe biyar da rabi. Amma ko wannan darasi ne, don ya nuna bai dogara ga karsashinsa na safiya ba.

Dalili na biyu ya fi na farko zurfi, shi ne kunyar farin shafi. Mutum ya yi fashin kwana uku saboda rashin lafiya ko tafiya. Ranar da ya dawo ya ɗauki littafin, abin da zai fara gani shi ne shafuna uku ba kome. Sai ya ji kamar an kama shi da laifi, ya rufe, ya ce sai Litinin in an shiga sabon mako. Litinin ta zo fararen shafuna sun zama bakwai, sai a ce sai sabon wata. Masu nazarin halin masu rage cin abinci, musamman Peter Herman da Janet Polivy na Jami'ar Toronto, sun daɗe da bayyana irin wannan hali tun shekarun 1970: wanda ya ɗora wa kansa doka mai tsanani, da zarar ya ga ya karya ta kaɗan, sai ya ce tun da abin ya lalace bari ya ƙarasa lalacewa, ya ci fiye da wanda bai yi dokar ba sam. Ɓarnar da fashin kwana uku ya yi kaɗan ce. Hukuncin da mutum ya yanke wa kansa a kan fashin shi ke cinye sauran shekarar.

Shin fashin yana rushe sabo kuwa? A wani bincike da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a Landan, aka buga a 2010, mutum 96 kowannensu ya zaɓi wani ɗan abu da zai riƙa yi kullum a lokaci ɗaya, kamar shan ruwa bayan karin kumallo ko ɗan tattaki, aka bi su mako goma sha biyu. An tarar tsawon lokacin da abu ke ɗauka kafin ya zama jiki ya bambanta ƙwarai, daga kwana 18 har zuwa 254 bisa ƙiyasi, na tsakiya kuwa kwana 66. An kuma tarar fashin rana ɗaya bai yi wani tasirin a zo a gani ba. Wannan ya kamata ya kwantar da hankalin masu jin cewa wai kwana 21 ke kafa ɗabi'a. Asalin wannan magana wani likitan gyaran fuska ne, Maxwell Maltz, wanda ya rubuta a 1960 cewa marasa lafiyarsa kan ɗauki aƙalla kimanin kwana 21 kafin su saba da sabuwar kamarsu. Masu maimaitawa suka yar da "aƙalla", suka kuma ɗora maganar a kan kowane irin sabo. Wanda ya kai wata guda yana jin buɗe littafin har yanzu nauyi ne, ba abin da ya same shi, lokacin ne bai yi ba.

A nan nakan tuna da Samuel Johnson, wanda ya wallafa babban ƙamus na Ingilishi a 1755 bayan aikin wajen shekara tara. Waɗanda suka taɓa ɗaga ƙamus ɗin Bargery na 1934 sun san irin wannan aiki ba na rago ba ne. Amma a 'yan takardunsa na sirri, waɗanda aka buga bayan rasuwarsa, shekara da shekaru yana maimaita niyya iri ɗaya a ranar haihuwarsa da farkon shekara: zai riƙa tashi da wuri, zai riƙa rubuta abin da ya yi kowace rana. A 1764 ya rubuta cewa ya shafe shekara hamsin da biyar yana ƙulla niyya. Bayan shekara goma sha ɗaya ya tambayi kansa me ya sa yake sake ƙullawa bayan duk karyewar da ta gabata, ya amsa wa kansa cewa gyara wajibi ne, yanke ƙauna kuwa laifi ne. Ana iya karanta wannan a yi dariya. Ni kuwa abin da nake gani shi ne naci, irin wanda Bahaushe ke nufi in ya ce yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya. Saboda haka in an yi fashi, a buɗe shafin yau kawai. Kada a zauna cike na baya daga ƙwaƙwalwa, wannan aikin banza ne mai ƙara nauyi. Wanda fararen shafuna ke damunsa ya ja musu layi ɗaya ya wuce, ko ma ya sayi littafin rubutu na 'yan makaranta wanda ba kwanan wata, ya riƙa sa kwanan da hannunsa. Littafin da ba a buga masa ranaku ba, ba shi da bakin yi wa kowa gori.

Dalili na uku ya shafi takardar kanta. Tana da fa'idodi: ba ta bukatar caji, ba saƙon da zai faɗo cikinta ya ɗauke hankali, kuma ƙanƙantar shafi tana tilasta wa mutum zaɓe. Amma tana da aibi ɗaya babba, ba ta ƙara. Waya takan kira mai ita, littafi kuwa in an sa shi a jaka ko ƙarƙashin tarin takardu zai yi shiru har shekara ta ƙare. Don haka dole a ba shi wuri, a kuma ba shi lokaci. Peter Gollwitzer da Veronika Brandstätter sun nuna ƙarfin wannan a wani gwaji da suka buga a 1997. Sun roƙi ɗalibai a Jamus su rubuta rahoton yadda suka yi jajiberen Kirsimeti cikin kwana biyu bayansa, lokacin da kowa ke hutu ba mai son rubutu. Rabinsu aka sa su faɗi tun da wuri a ina za su zauna, kuma da wane lokaci. Daga cikin waɗannan wajen kashi 70 cikin ɗari suka rubuta a kan lokaci, daga sauran kuwa wajen sulusi kawai. Ba a ƙara wa kowa himma ba, an dai cire masa wahalar yanke shawara a ranar da ba ya son yanke ta.

Mu kuwa a nan muna da wani gado da ya sauƙaƙa mana. Yinin Bahaushe a yanke yake tun kafin agogo ya zo: asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, magariba, lisha. Waɗannan gaɓoɓi ba sa jiran karsashin kowa, kuma jiki ya riga ya saba da su. Wanda ya ce zai duba littafinsa da ƙarfe tara na dare yana bukatar abin da zai tuna masa tara ta yi. Wanda ya ce zai duba shi da ya shigo daga lisha, kafin a kawo tuwo, ya kuma ajiye shi a buɗe da biro a kai a inda yake zama, ya rataya sabon abu ne a jikin tsohon turke. Haka ma shafin kansa, sau da yawa ya fi dacewa a raba shi gida uku, safe zuwa azahar, azahar zuwa magariba, da dare, maimakon layi ashirin da huɗu na sa'o'i waɗanda ba mai iya cika alkawarinsu.

Saura tambaya ɗaya: ranar da kasalar ta sauka sosai, me za a rubuta? Ra'ayina shi ne tun ranar ɗoki ya kamata a yanka mafi ƙarancin abin da za a kira an riƙe littafi, a yanka shi ƙarami har ya ba da kunya: a buɗe, a sa kwanan wata, a rubuta abu ɗaya. Malamin allo ya san wannan hikima. Ba ya rubuta wa ƙaramin yaro allo cike, yakan ba shi gwargwadon abin da zai iya ɗauka, in ya riƙe a wanke a ƙara. Abu ɗayan nan kuma ya zama aikin da hannu zai iya kamawa. “Kundi” ba aiki ba ne, dutse ne. “Karanta shafi biyar na babi na biyu” aiki ne.

In ko abu ɗayan ya gagara, sai a juya littafin ya kalli baya, a rubuta abin da aka yi maimakon abin da za a yi, ko da wanki ne da zuwa gaisuwa. Leo Tolstoy na Rasha, yana ɗan shekara 18 a 1847, ya raba shafinsa gida biyu, ɗaya na abin da ya yi niyya, ɗaya na abin da ya auku, kuma sau da yawa gidan na biyu ba ya yi wa na farko daɗi. Amfanin wannan gida na biyu ya tabbata: a 2016 Benjamin Harkin da abokansa sun tattara gwaje-gwaje 138 da suka ƙunshi mutum kusan 20,000, suka tarar bibiyar ci gaban aiki tana taimakawa wajen cim ma buri, kuma taimakon ya fi yawa in an rubuta abin a zahiri ko an gaya wa wani. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kwatanta binciken kai a ƙarshen yini da lissafin da ɗan kasuwa ke yi da abokin tarayyarsa. Kwatancen ya dace da maganarmu, don ɗan kasuwar Kantin Kwari ba ya ƙin buɗe littafin ciniki saboda yau kasuwa ba ta yi ba. Ranar ma ya fi bukatar sanin inda ya tsaya. Bayan wata biyu na irin wannan rubutu mutum zai san abin da ba wanda zai iya gaya masa: nawa yake iya yi a mako na gaskiya, da wane lokaci kansa ya fi buɗewa, da wace rana ce kullum take salwanta.

Aikin da aka ɗage kuma a sake rubuta shi da hannu a sabon shafi. Ryder Carroll, wanda ya fito da tsarin da ake kira Bullet Journal a 2013, ya mai da wannan ginshiƙin tsarinsa, kuma ina ganin ya yi daidai. Wahalar sake rubutawa ita ce amfaninta. In ka kwafe abu sau uku ba ka yi shi ba, sai ka tsaya ka tambaya: ya yi girma ne a daddatsa shi, ko akwai abin da ake jira daga wani, ko kuwa tun asali ba ka da niyyar yinsa? In na ƙarshen ne, a soke shi, soke aiki ma tsari ne.

Akwai iyaka ga duk abin da na faɗa, kuma wajibi ne in ambace ta a gaban ɗalibai. Kasalar da nake magana a kai mai zuwa ce ta wuce. In mutum ya ga ya shafe mako biyu ko fiye kusan kullum zuciyarsa a ɓace, abin da yake jin daɗinsa a da ya daina yi masa daɗi, barci da cin abinci sun rikice, to wannan ya wuce maganar littafi, likita ya kamata ya gani, kuma ba abin kunya ba ne. Haka nan ɗalibin da ke shiga aji da yunwa, ko wadda ke haɗa karatu da raino da girki, ba jadawali ne zai ƙara musu sa'o'in da ba su da su ba. Abin da littafin zai iya yi musu shi ne ya nuna a rubuce inda lokacin ke tafiya, su sami abin da za su ajiye a gaban malamin da ke duba aikinsu, ko a gaban mutanen gida, in za a yi maganar rage musu wani nauyi.

Shugaba, na ga lokacin da aka ba ni ya cika, kuma na hango hannuwa tun ɗazu. A nan zan dakata.